Cinikin fili a Sakkwato: kuɗin da aka ƙara maka, na wane ne?

Duk wanda ya bi hanyar bayan gari a Sakkwato cikin 'yan shekarun nan, ko ya miƙe hanyar Gusau ta wajen Kwannawa, ko ya nufi Wamakko ta Arkilla, ya ga yadda gonakin gero da wake suka koma turaku da katangu da allunan kamfanoni. A cikin gari ma haka abin yake. Gidan da ka sani da dogon yaro a ƙofa da faffaɗan tsakar gida, in ka ɗan kwana biyu ba ka bi layin ba, sai ka tarar an baje shi, tifa na juye yashi, ana ɗaura rodi. Ka tambaya a ce maka magada ne suka sayar wa wani mai gine-gine. Ka ce me zai gina, a ce Allah masani.

Mai fili yana da ikon sayarwa, mai gine-gine yana da ikon saye, kuma garin nan yana bukatar masu gine-gine fiye da yadda muke yarda a baki. Amma idan filin na gidan zama ne a tsarin gari, mai saye kuma ya taya shi ninkin abin da maƙwabcinka zai iya bayarwa, ya kamata ka tambayi kanka daga ina rarar ta fito. Sau da yawa daga jikin mutanen layin ta fito, waɗanda ba a kira ko ɗayansu wurin ciniki ba.

Na san amsar, don na sha jin ta a majalisa: "Hilina na, gadon ubana na, in saida ma wanda nika so." Maganar tana da daɗin faɗi, sai dai doka ba ta san da ita ba. Tun 1978, zamanin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Abin da ke hannunka izinin zama ne da amfani, galibi na shekara 99, kuma takardar da aka ba ka ta faɗi irin amfanin: gidan zama, ko kasuwanci, ko noma, ko masana'anta. Mu nan Arewa abin ba baƙonmu ba ne, don dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan turbar suke, ita ta 1978 kusan su aka ɗauko aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya. Sashe na 22 ya hana ka sayar da izinin nan ko jinginar da shi sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi ba bisa ƙa'idar dokar ba ɓatacce ne. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta yanke cewa har wanda ya mallaki wurinsa tun kafin a kafa dokar bai tsira daga neman amincewar ba. Sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke takardar wanda ya saɓa sharaɗin da ke cikinta.

Mutum na iya ƙin dokar nan. Ni ma ina ganin ta ba gwamnoni wuƙa da nama fiye da kima, musamman inda za a karɓe gonar talaka a biya shi diyyar shuka da bishiya kawai, ƙasar kanta a ce ba ta da kuɗi. Amma abu ɗaya a cikinta daidai yake. Sharaɗin nan na gidan zama alkawari ne da aka yi wa kowa a layin lokaci guda. Malamin makarantar da ya tara albashi ya sayi fuloti mai ƙafa hamsin da ɗari, ya shekara da shekaru yana ɗora bulo ɗaya bayan ɗaya, ya saya ne a kan cewa na damansa gida ne, na hagunsa gida ne. Da an gaya masa ɗakin biki za a yi a bayansa, ko gidan mai, da ya kai kuɗinsa wani wuri.

A bar doka a zo ga lissafi, don shi mai gine-gine da lissafi yake zuwa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne. In ba a bar hanya ko ɗaya ba, hekta za ta ba da fuloti 21 da ɗan guntu. Titi ɗaya mai faɗin mita 10 da ya ratsa hektar daga wannan gefe zuwa wancan ya cinye murabba'in mita 1,000, wato fuloti biyu har da 'yan kai. In aka matse shi ya koma mita 5, an tsira da fuloti guda sukutum. Haka magudanar ruwa, haka filin masallaci da na makaranta, haka gurbin taransifoma, duk daga cikin 21 ɗin nan ake yankarsu. To in mutum biyu suka zo taya gonarka da gari ya cim ma, ɗaya zai bar titi ɗaya ba zai bari ba, wa kake tsammani zai fi tayi? Na biyun ne, kuma shi dillali zai fi yaba maka, ya ce Alhajin ba ya wasa da kuɗi. Bayan shekara goma sai a sami unguwa mai lungunan da motar kashe gobara ba ta shiga, inda makara ke juyawa da ƙyar a kwana. Daminar Sakkwato gajera ce, Yuni zuwa Satumba, amma in ta sauko ba ta neman izinin kowa. A tambayi mutanen unguwar Mabera abin da ruwa ke yi in ya rasa hanya.

A cikin gari lissafin ɗaya ne, sai dai sama ake hawa da shi maimakon a matse titi. Inda kai kake ganin gidan mahaifinku mai zaure da turaka da ɗakunan mata, shi mai saye yana ganin jerin shaguna a ƙasa da gidajen haya hawa biyu a sama. Kuɗin waɗancan shagunan da ba a gina ba tukuna, shi ne ya ɗan gutsuro ya ƙara maka.

Gwaggona na zaune a wata tsohuwar unguwa a cikin gari, kuma an yi irin wannan ciniki a bayan gidanta. Yanzu bene hawa uku ne tsaye a wurin, tagoginsa na baya duk sun leƙo tsakar gidanta. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ga wuta ba tabbas, ya san tsakar gida ita ce gidan. A nan ake daka, a nan ake wanke yara, a nan mata ke zama da ɗaurin ƙirji, a nan ake baje tabarmi a kwana. Da na je gaishe ta na tarar an ƙara wa katanga layin bulo uku, waɗanda ba su rufe ko hawa na biyu ba amma sun tare iska. An kuma ɗaura wani tsohon tamfal shuɗi daga reshen dogon yaro zuwa ƙusa a bangon ɗakin girki, tsakiyarsa ta lotsa da ƙura da busasshen ganye, hayaƙin murhu na taruwa a ƙarƙashinsa yana shiga ido. Ta ce da ni, "Ɗana, yanzu ko tsakar gidana sai da hijabi nika hita." Ruwan wanka da na wanki na gidajen hayar nan duk a 'yar kwatar layin yake zuba, wadda aka haƙa don gidaje ƙalilan. Da magariba kuma, in masu bene suka kunna na'urorin sanyaya ɗaki, fankar gwaggo sai ta koma juyawa da ƙyar, wani lokaci layin ya ɗauke gaba ɗaya, a fara bi gida-gida ana karɓar kuɗin gyaran taransifoma, mai ƙwai biyu da fanka ɗaya ya biya daidai da kowa.

Wanda ya sayar da gidan ba mugu ba ne. Dattijo ne mai mutunci, ya aurar da 'ya'ya da kuɗin, ya yi Umra, ya koma bayan gari. In an yi masa zancen sai ya ce shi gida ya sayar, bai san abin da za a yi da shi ba. Ban ƙaryata dattijo ba, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutumin da ya ninka maka kuɗin gida, bai ko leƙa ɗakunan ba, tsawo da faɗi kawai ya sa aka auna, ai ya riga ya gaya maka abin da zai yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, a garin malamai muke. Duk wanda ya yi zaman zaure ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya bi ta kan wurin da aka kawo "la darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa, aka biyo shi da misalai: kada mutum ya buɗe taga kusa wadda zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta, kada ya buɗe ƙofa daidai da ƙofarsa, kada ya haƙa ramin da zai cutar da shi ko da a cikin mallakarsa ne. A Ƙairawan aka rubuta wannan, sama da shekara dubu da suka wuce. Saboda haka mai cewa tsarin gari ƙa'idar Bature ce da aka ɗora mana, ya koma ya buɗe littafin da ya karanta yana yaro. Muna karanta babin a zaure da safe, da yamma mu sa hannu shaida a cinikin da zai karya shi.

Kada a ɗauka ina cewa a daina gini. Sakkwaton da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 gari ne mai ganuwa, ana shigarsa ta Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Marke da Taramniya da sauransu. Yau ya tumbatsa cikin ƙasar Wamakko da Kware da Dange-Shuni da Bodinga. Ya zama hedikwatar jiha tun 1967, jami'a ta zo a 1975, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka yi ta shigowa. A shekarun nan kuma ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Rukunin gidajen da gwamnatoci suka gina a Bado da Kalambaina da Gidan Salanke sun taimaka, amma ba su kai ko kusa da bukata ba. In masu kuɗi ba su gina ba, kuɗin haya zai ci gaba da hawa, talaka ne zai ji a jika. Kuma in gari ya ƙi hawa sama, faɗi zai yi, ya cinye gonaki, ya gangara fadamar Rima inda albasa da shinkafa ke fitowa, inda kuma ruwa ke da tsohuwar hanyarsa. Wanda ya ga ambaliyar 2010, da ta yanke hanyar jami'a ta raba ta da gari, ba zai so a tura unguwanni can ba. Bene a bakin titin Maiduguri ko titin Ahmadu Bello, inda akwai faɗi da kwalbati, wurinsa ne. Har a cikin unguwa ma ana iya gidan sama ba a cuci kowa ba, in an juya tagogi ga titi, aka ja baya daga katangar maƙwabci, aka yi wa ruwa hanya, aka kawo taransifoma ta kansa.

Zan ma ƙara da abin da wasu masu filaye ba za su so ji ba. In aka ba ni zaɓi tsakanin kamfanin da ya kai taswirarsa hukuma aka amince, da mai gonar da ya kira dillali da igiya suka yanka ta da kansu ranar Asabar, kamfanin zan zaɓa. Mafi yawan lungunan da muke kuka da su awon igiya ne ya haife su, kuma 'yan gari ne suka riƙe bakin igiyar.

Wanda nake magana a kansa shi ne mai saye da sunan gida, ya juya shi sannu a hankali. Da farko a ce gyaran katanga ake yi. Kwana biyu sai ka ga katangar ta fito da ƙofofin ƙarfe shida a jere. Kafin maƙwabta su gama shawarar wa zai je ya yi magana, an zuba dakin, wato rufin kankare. In hukuma ta zo, a ce ai aikin gama ya gama, a nemi izinin sauya amfanin fili bayan an riga an sauya, a biya tara a wuce wurin. Akwai hanyar neman izinin nan tun kafin a haƙa tushe, kuma mai niyyar alheri ita yake bi. Mai gudunta ya san akwai tambayar da ba ya son a yi masa.

Nan ne ma mai sayarwa ke jefa kansa cikin abin da bai sani ba. Yawancin cinikin nan ba ya isa ma'aikatar filaye. Takardar yarjejeniya ce, da shaidu biyu, da hatimin mai unguwa. In an yi zurfi a ƙara da takardar wakilci a wurin lauya, a miƙa wa mai saye asalin takardar mallaka, a yi addu'a a watse. Mai sayarwa na ganin neman amincewar gwamna matsalar mai saye ce. To amma a fayil ɗin ma'aikata sunanka ne har gobe. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara da sunanka yake taruwa. In aka saɓa sharaɗi, takardar da ke ɗauke da sunanka aka saɓa wa. In kuma mutumin ya karɓi kuɗin jama'a da alkawarin gidaje ya yi layar zana, waɗanda suka biya za su bi takarda, takarda kuma ƙofar gidanka za ta kawo su. Wanda ya matsa a kammala canjin suna kafin ya saki asalin takarda, kansa ya yi wa gata kafin ya yi wa unguwa.

Sai maganar gado, wadda ita ce uwar yawancin filayen da ake sayarwa. Mahaifi ya rasu ya bar gida ko gona a bakin gari, magada goma sha wani abu. Babban wa ne ke magana da dillali. 'Yan'uwa mata da ke aure a Gusau ko Birnin Kebbi sai dai a kira su a waya a ce an sami mai saye, kuɗi masu kyau, a yi haƙuri a sa albarka. Marayun ƙanin da ya riga ya rasu ba mai tambayarsu. Akwai kuma dabarar da ta fi wannan muni: a nemo wanda ya fi matsuwa a cikin magada, mai bashi ko mai shirin aure, a saye kasonsa tun ba a raba ba, sannan a zo a zauna wa sauran a wuya, a ce ko ku sayar ko a tsaga gidan. Fiƙihun Malikiyya ya san da wannan, shi ya sa ya tanadi shuf'a: wanda ke tarayya a cikin gida ko filin da ba a raba ba shi ya fi cancanta ya karɓi kason da aka sayar, a kan kuɗin da aka sayar. A mazhabarmu maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi, Hanafiyya ne suka ba shi, amma ɗan'uwa abokin tarayya yana da shi cikakke. Mata nawa ne aka taɓa gaya wa haka? Kuma ko an gaya mata, ina za ta samo miliyoyi cikin ɗan lokaci? Ni a ganina kada a saurari tayin kowa sai an raba gado a gaban alƙali, kowa ya san kasonsa, sannan in an yarda a sayar, kowane magaji ya sa hannu da kansa, kuɗinsa su faɗa asusunsa kai tsaye. Kuɗin gadon da suka kwana a asusun babban wa, Allah kaɗai ya san nawa ke wayar gari.

Dillali ba abokin gaba ba ne, sana'arsa yake yi. Amma la'adarsa sai ciniki ya faɗa take fitowa, don haka kullum a wurinsa yau ce ranar sallamawa, gobe Alhajin zai yi tafiya. Wani yana ci ta ɓangare biyu, wani ya ɗora nasa a kan farashin da kai ba ka taɓa ji ba. Maganinsa ɗaya: ka ga mai saye ido da ido, ka ji adadin daga bakinsa.

Ko ta fuskar riba zalla ma, ba kowane mai sayarwa ne ke cin nasara ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Shekara ba ta zagayo ba ta haura 1,500. Wanda ya sallama filinsa a farkon 2023 a kan a ba shi kafin alƙalami, ciko kuma sai an sayar da gidaje, an biya shi adadin da aka rubuta, amma kuɗin da suka zo hannunsa ba su ne waɗanda ya yi ciniki da su ba. Ya je sayen siminti, ga masana'anta nan Kalambaina a bayan gida, ya tarar kuɗin gini sun koma kuɗin katanga. Shi kuwa mai gine-gine ya yi aiki da filin mutum kyauta, ya sayar a sabon farashi, ya biya a tsohon. In za a yi biya kashi-kashi, a sa ranaku na kusa, a rubuta abin da zai faru in an saɓa, asalin takarda kuma ta zauna a hannun mai ita ko lauyan da aka amince da shi har sai kobon ƙarshe ya shigo.

Akwai hanyar da na fi so, ko da yake ba kowa za ta yi wa ba. Mai fili ya sa filinsa a matsayin jari, mai gine-gine ya sa kuɗi, in an gama a ba mai fili gida ɗaya ko biyu a ciki. Iyali ba su rabu da ƙasar ubansu ba, ga haya na shigowa wadda ke tafiya da zamani. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne mai filin yana nan a unguwar. Zai haɗu da maƙwabta a masallaci sau biyar a rana, don haka da kansa zai tambayi inda tagogi za su kalla. Haɗarinta shi ne kango: a kai gini linta kuɗi su ƙare, fili ya maƙale shekaru, ba gida ba gona. Wannan sai da lauya na gaske, da wa'adi, da sharaɗin cewa in wa'adi ya cika ba a gama ba fili ya koma ga mai shi.

Wanda kuma ya ce shi sayarwa zai yi ya huta, to ya sa sharaɗi a takarda: gidan zama za a gina, hawa kaza ne iyaka, ba taga a ɓangaren gidajen mutane, in za a sauya sai an bi ta hukuma tun kafin tushe. Za a ce mini wannan zai rage kuɗin fili. Ƙwarai zai rage. Wani mai sayen ma zai tashi ya kaɗe rigarsa. Amma abin da ya ragu ɗin nan, tsakanin tayin mai sharaɗi da tayin marar sharaɗi, shi ne daidai kuɗin iskar gwaggona da sutura da barcinta a tsakar gida. Ba naka ba ne tun asali, balle ka ce an rage maka.

Na yarda sharaɗin takarda kaɗai ba ya tsayar da tifa. Mai sayarwa in ya koma Bado ba zai dawo ya yi shari'a saboda tagar wani ba. Dole hukuma ta tsaya a bayansa, kuma a nan ba mu da damar ɗora wa Abuja laifi: tun 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta ce tsara gari da ba da izinin gini hurumin jiha ne. Ma'aikatar filaye da hukumar tsara birane ta jiha su ke da abin a hannu. Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Duk wanda ya nemi sauya filin zama zuwa wani abu, a kafa allo a jikin filin da Hausa, boko da ajami, a faɗi abin da yake son ginawa, a ba maƙwabta wata guda su kawo ƙorafi, a kuma saurare su da gaske. Masu duba gini su zo ranar da ake haƙa tushe. Zuwa da katafila bayan shaguna sun cika da 'yan haya, mai ɗinki da mai kemis da suka biya kuɗin shekara su ke kwana ciki, mai ginin ya riga ya mayar da kuɗinsa. Neman amincewar gwamna kuma a sauƙaƙa shi, a rage kuɗi da jeka-ka-dawo, don muddin bin ƙa'ida ya fi kauce mata wahala, mutanen kirki ma kauce mata za su yi, fayilolin ma'aikata su ci gaba da ɗauke da sunayen mamata.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai mutum ɗaya da kusan kowane ciniki ke bi ta hannunsa, shi ne mai unguwa. Jama'a sun fi amincewa da hatiminsa da na hakimi da na uban ƙasa fiye da takardun ofis da yawa, kuma in abu ya ɓaci ƙofarsa mata da dattawa ke fara zuwa da kuka. Ba sai an yi sabuwar doka ba kafin ya aika a kira na dama da na hagu da na baya, a zaunar da mai saye a gabansu, a tambaye shi hawa nawa zai yi, ina tagogi za su kalla, ina ruwan wanka zai bi, wutar wa zai ja, a rubuta amsoshin a jikin takardar kafin a buga hatimi. Wanda ya ce shi ba zai amsa ba, ya je ya nemi wani mai hatimin.